Katin Lami

Ranar Litinin da ta wuce ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban da kuka zo taya mu aiki a asibiti lokacin hutu, ya tambaye ni, cikin ladabi, wai mene ne abin koyo a aikin nan. Ya ce shi dai abin da ya gani raba kati ne da nuna wa mutane ƙofa, kuma a ganinsa kwana biyu sun ishi mai takardar sakandare ya ƙware. Na ce masa ni da takardar da ta fi tasa na zo, kuma kwana ɗaya tak na yanka wa aikin. Yau shekarata tara a kan bencin nan ban gama ba. Tunda hutunku ya kusa ƙarewa, kuma na lura kun fi girmama magana idan tana rubuce, ga ta na rubuta.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, tsakanin Wagini da Batsari da Safana, goma sha biyun ƙarshe ina hedimasta. Da na yi ritaya sai na zauna a gida wata huɗu ina gyara wa iyalina Hausarsu, har uwargida ta ba ni shawarar in nemi wurin da zan riƙa zuwa da safe. Haka na zo asibitin nan na ce ina son aikin sa-kai. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi ina bindigata, don a ƙasarmu ɗan sa-kai da daji aka san shi. Tun ranar na koma ce wa kaina ɗan agaji. Ma'aikata kuwa 'yan benci suke ce mana, kuma su suka fi ni gaskiya.

Kayan aikin kun gan su. Benci uku a gindin darbejiya, tabarmi, buta biyu, randa da moɗa, kwalin katuna, da biro ɗaure da zare a jikin teburi, don biron asibiti ba ya kwana inda ya wuni. Sai keken marasa lafiya, wanda ƙafarsa ta hagu ta keken hawa ce wani mai faci ya haɗa mana. Idan ba ka danne shi da gwiwa ba, sai ya kai majinyaci ɗakin haihuwa ko da tsoho ne mai gemu. Abu ɗaya ni na ƙara, shi ne lambobi. Kafin in zo, mai ƙarfin kafaɗa ke fara ganin likita. Na yanka kwali na rubuta ɗaya zuwa sittin da rubutun allo mai kyau, na ce kowa ya bi lambarsa. Na yi alfahari da lambobin nan fiye da yadda na yi da wasu ɗalibaina.

Sista Rabi, babbar nas ɗinmu, ta haɗa ni da Baba Tanko ta ce in bi shi in koya. Baba Tanko mahauci ne da ya ajiye wuƙa saboda hannunsa ya fara rawa. Bai san ko harafi ɗaya ba a boko, kuma 'ya'yansa uku sun bi ta ajina, babu wanda bai ɗanɗani bulalata ba. Shi ne aka ce hedimasta ya tsaya a bayansa. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Hedimasta, kuma yadda yake faɗinsa, har ya rasu ban tantance girmamawa ba ce ko tausayi.

Aikina na farko wani dattijo ne daga wajen Wagini da aka ba shi ƙwayoyin ciwon ƙirji. Na zaunar da shi na karanta masa, sau uku a rana bayan cin abinci, na sa ya maimaita kamar ɗan aji uku. Bayan mako guda ya dawo da tarinsa da kuma mafi yawan ƙwayoyinsa. Na fara faɗa, Baba Tanko ya dakatar da ni, ya tambayi dattijon sau nawa ake ɗora tukunya a gidansa. Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sau ɗaya ake ci. Mutumin ya bi umarnina daidai, ƙwaya ɗaya bayan abinci ɗaya. Baba ya ce masa ya sha da asuba da azahar da isha'i, ya fara jefa ko 'yar gyaɗa ce a ciki, don salla ba ta yankewa ko da hatsi ya yanke. Tun daga ranar ban ƙara ɗaura magani a jikin abinci ba sai na san abin da ke cikin tukunya.

Darasi na biyu shi ne “da sauƙi”. Babu mutumin ƙauyenmu da za ka tambaya yaya jiki ya ba ka wata amsa. Na ga wanda aka kawo a bayan jaki, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, ya ce da sauƙi. Baba Tanko ya ce baki gaisuwa yake yi, ba shi ake tambaya ba. Yakan ja fatar idon yaro ƙasa ya duba, ya buɗe tafin hannunsa, ya tsaya ya ga yadda ƙirji ke ɗagawa. Ya ce shekara arba'in yana duban dabba kafin ya saya, ya san wadda jini ya ƙare mata tun tana tsaye. Bai taɓa ba wani magani ba, ni ma haka, ku ma kada ku fara. Aikinmu a bakin ƙofa yake ƙarewa. Abin da ke hannunmu ɗaya ne, wa zai fara kaiwa ƙofar. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a hannun mutumin da ba a biyansa.

A shekarata ta uku muka shiga mummunar shekara. Wasunku kuna ƙanana, amma kun ji. Mutanen ƙauyukan bakin daji suka baro gidajensu, suka cika azuzuwan makarantu da kangaye, ciki har da ajin da na koyar. Ruwa ya sauka, sauro ya samu abin da bai taɓa samu ba, zazzaɓi ya shiga yara. Kafin azahar lambobina sittin sun ƙare, ina ƙarawa da alli a bayan hannun mutane. Zan faɗi gaskiya a kan lambobin, sun hana faɗa, sun hana mai ƙarfi ture mai rauni. Wannan ne ya sa na yarda da su fiye da idona.

Wata Alhamis, ranar kasuwa, wata mata ta shigo da hantsi. Ba za ta wuce shekara ashirin ba, ƙafafunta duk taɓo, tana goye da yarinya mai kamar shekara uku. Inuwa ta cika da mutane, saboda haka ta shimfiɗa zane a gefen katanga ta kwantar da yarinyar, ta ja taki ɗaya ta zauna ta ba ta baya, fuskarta na kallon ƙofar shigowa. Na je da kati da biro. Na tambaye ta daga ina, ta ce bayan Babban Duhu. Na ce yarinyar wa ce, ta ce ta gidansu ce. Na ce yaya sunanta, ta dubi ƙasa. Na maimaita da muryar aji, ta ƙara duban ƙasa. Na ce yaya jikin nata, ta ce da sauƙi, ko waiwaya ba ta yi ba.

Na yi lissafina irin na masu ilimi. Ga uwaye can suna kuka, suna jijjiga 'ya'yansu, suna riƙe mini riga. Ga wannan ko sunan yarinyar ba ta damu ta faɗa ba. Na ce maƙwabciya ce aka aiko, yarinyar kuma barci take yi. Na ba ta lamba arba'in da bakwai, na ce idan ta tuna sunan ta neme ni. Sau uku na lura tana tashi tana sake wurin zama, har na ce mata ta natsu wuri ɗaya kada ta ɓata mini layi.

Baba Tanko yana ciki tun safe yana taya ma'aikata sauya wa majinyata gadaje. Sai da rana ta kusa tsaka ya fito. Ya tsaya a bakin ƙofa ya bi benci da kallo kamar yadda ya saba, sai idonsa ya tsaya a gefen katanga. Lokacin matar ta miƙe tsaye, har yanzu ta ba yarinyar baya, ta ɗaga gwiwar hannu ɗaya cikin mayafi kamar mai gyara lulluɓi.

“Hedimasta, matar can sau nawa ta tashi?”

Na ce sau uku, wannan na huɗu, ba ta da natsuwa.

“Dubi inda inuwarta ta faɗi.”

Na duba. Inuwar ta rufe yarinyar daga kai zuwa ƙafa. Tun hantsi matar nan rana take bi. Duk sanda inuwa ta zame daga kan yarinyar sai ta matsa, da inuwar zaune ta gajarta sai ta miƙe, da ta tsaye ta gajarta sai ta ƙara da mayafi. Awa biyu tana wannan aiki a gabana ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba, ni kuma mai koyar da yadda inuwa ke tafiya da rana, ina yi mata faɗan layi.

Baba ya ce, “'Yar fari ce.”

Na san za ku yi dariya, ku da iyayenku mata ke sa hotunanku a waya. A ƙauyukanmu har gobe akwai gidajen da ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kunya ce. Idan ya yi ciwo kaka ke kawo shi asibiti, ita ce mai kuka da surutu. Daga baya muka ji kakar yarinyar nan ta rasu a wannan gudun, mijin kuma ya tafi neman inda za su zauna, babu mai kawo ta sai uwar. Kuma sunan kakar aka sa wa yarinyar, wato sunan uwar miji, kunya biyu ke nan a suna ɗaya. Duk wannan al'ada na san ta. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Na koyar da ita a aji huɗu, na ba da jarrabawa a kanta. Da ta zo ta zauna a gabana da taɓo a ƙafa, ban gane ta ba.

Baba ya wuce matar. Ya durƙusa wajen yarinyar ya yi mata wasan kakanni, yana cewa amaryarsa ta zo ba ta gaishe shi ba. Ya ja fatar idonta. Fari fat, kamar auduga. Tafin hannunta ma haka, numfashinta kuwa sama-sama. Ya ɗauke ta da hannuwan nan masu rawa, ban ga sun yi rawa ba. Na bi shi ina cewa babu suna a katin. Ya tambaye ni yau wace rana, na ce Alhamis. Ya ce in rubuta Lami.

Sista Rabi ta duba ta ce jini ake bukata yanzu, ba anjima ba, kuma irin nata ya ƙare a ajiya tun shekaranjiya, yara sun shanye. Ta ce a nemo dangi. Na juya zan je in kira uwar, Baba ya riƙe mini hannu. Ya fita ya ce wa matan benci ana neman bayin Allah uku da za a gwada jininsu saboda wata yarinya, sadaka ce. Ya nuna wata, ya nuna wata, sannan ya nuna ta, kamar dai idonsa ne ya faɗa kanta. Ta shiga cikin biyun nan ba wanda ya ware ta.

Na sauran biyun bai dace ba. Nata ya dace, amma mai gwajin jini ya ce ba zai ɗiba ba, ita kanta jinin bai ishe ta ba, idan ya taɓa gado biyu za a nema. Muna tsaye mu biyar a ɗakin, uku maza. Matar ta ɗago kai a karo na farko.

“Ni na haife ta. Ku ɗiba.”

Ban san yadda zan auna muku nauyin maganar nan ba. Na ga mutane sun ba da abubuwa a asibitin nan, ban ga wanda ya ba da abin da ya kai wannan ba. Abin da ya biyo baya kuma shi ya fi tsaya mini. Sista Rabi ta juya tana gyara wani abu da ba ya bukatar gyara. Mai gwaji ya shiga neman biro yana riƙe da shi. Baba Tanko ya dubi rufi. Ni ma, da kyar, na gane na dubi takalmina.

Baba ya ce, “Babu wanda ya ji, 'yata. Je ki zauna. Jini yana kasuwa.”

Ya juyo gare ni ya ce in hau babur in je rumfar mahauta, in ce Tanko ya ce a wanke hannu a zo. Iyakar saƙon ke nan. Na hau bayan ɗan acaba da babbar riga, na ratsa kasuwa tana tsakiyar ci, na tsaya a gaban mahauta na faɗi saƙon kamar ɗan aike. Na ɗauka sai na yi bayani, har na shirya shi a hanya da gabatarwa da kammalawa. Ba a bukace shi ba. Mutum huɗu suka ajiye wuƙaƙe, suka bar nama a kan teburi da masu saye a tsaye, suka zuba wa juna ruwa a hannu. Ashe Baba ya daɗe da sa a gwada jinin duk wanda ya koyi fawa a hannunsa.

A cikinsu akwai Sale, tsohon ɗalibina, wanda ya fi zuwa mayanka a kan zuwa aji. Da hannuna na rubuta a takardar sakamakonsa cewa da wuya yaron nan ya amfani kowa. Jininsa ne ya dace. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, da ya ga allura sai ya rufe ido ya kama salati, 'yan uwansa suna tsaye a taga suna ce masa ko a kira masa innarsa. Da leda ta cika ya buɗe ido ɗaya ya nemo ni.

“Malam, yau dai a rubuta na zo.”

Na ce an rubuta.

Aka ɗaura wa yarinyar jinin. Sista Rabi ba ta da ɓoye-ɓoye, ta ce mini awa biyun da na ajiye ta a rana saura kaɗan su zama su ne duka, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Na zauna a bakin ƙofa na bar wa Baba benci. Bayan la'asar ya kira ni ya buɗe mini tafin hannun yarinyar. Ja ya fara shigowa daga gefe, kaɗan-kaɗan, kamar lalle bai gama kamawa ba. Na karanta yadda jini ke zagaya jiki, na zana shi a allo da jan alli da shuɗi ba sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin ya shigo hannun mutum ina kallo ba, jinin mahaucin da na ce ba zai amfani kowa ba.

Kwana huɗu suka yi. Uwar tana zaune a ƙasa wajen ƙafar gado, fuskarta ga bango. Sista ce ta gaya mini hannunta ɗaya yana ƙarƙashin zanen gado, riƙe da ƙafar yarinyar. Ranar da aka sallame su ta goya ta, ta tsaya a ƙofa ta ce Allah ya saka, ba ta dubi kowa ba, ta tafi. Idan godiya kuka zo nema, yawancinta haka take a aikin nan, ana faɗa wa ƙofa ne.

Ban jefar da lambobina ba. Amma kun ga ba na buɗe kwalin sai na zagaya benci sau biyu, hannuna a baya, kamar mai duba jarrabawa. Ba masu kuka nake nema ba, su sun riga sun samu mai yi musu magana. Ina neman wanda ya yi shiru, da wadda ta zauna nesa da yaron da ta kawo, da tsohon da ya ce shi rakiya kawai ya yi. Baba Tanko ya rasu shekara biyu da suka wuce. Har yau idan na aika rumfar mahauta, cewa nake Tanko ya ce a wanke hannu, kuma suna zuwa.

Daminar bara wata yarinya mai kamar shekara tara ta zo teburina riƙe da hannun ƙanenta mai zazzaɓi. Na ce kati, ta kwance wata leda, cikinta wata leda, ta fito da wani tsohon kati da ya yi laushi kamar tsumma. Ta ce na ƙanen babu, amma an ce ta nuna wannan. Rubutuna ne. Lami, babu sunan uba, bayan Babban Duhu.

Na tambaye ta ko Lami ne sunanta na yanka.

“A'a, Baba. Hauwa'u ne, sunan kakata. Inna ce kaɗai ke ce mini Lami. Da ba ta kirana da komai, sai dai ta ce ke. Ta ce wannan a asibiti aka ba ta shi, ba na kowa ba ne, tana iya faɗa.”

Na ja fatar idon ƙanen, ja ne sosai. Na ba su lamba goma sha biyu, na ce su jira kamar kowa. Sannan na ɗaga kai na duba gefen katanga. Tana nan zaune, ta ba mu baya, fuskarta na kallon ƙofar shigowa. Yarinyar ta tsaya tana juya katin a hannu, sai na ji muryar matar, ba ta waiwayo ba, a gaban benci uku cike da mutane.

“Lami, mai da katin cikin leda, kada ya jiƙe.”